Daga kwatar Gashuwa zuwa NNS Nguru: Ma'anar kalmomin jirgin ruwa, maƙera da aikin sojan ruwa

Garin Gashuwa, mazaunin Mai Bade kuma hedikwatar ƙaramar hukumar Bade a jihar Yobe, yana da nisan fiye da kilomita 800 daga teku mafi kusa da shi. Kogin Komadugu Yobe da ya ratsa ta gefen garin ma ba ya kaiwa teku, domin a Tafkin Chadi yake ƙarewa. Duk da haka, Rundunar Sojin Ruwan Najeriya tana da jirgin sintiri mai ɗauke da sunan Nguru, maƙwabciyar Gashuwa, tana da sansani a Baga, kuma tana ɗaukar matasa aiki daga kowace jiha, har da Yobe. A nan gida kuwa, dubban manoma da masunta da fatake na fadamun Haɗeja da Nguru sun dogara da kwale-kwale, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka.

Kalmomin wannan fage na isowa kunnen mai sauraron Hausa ta hanya biyu. Akwai na gargajiya, waɗanda masunta da masu fito suka gada, akwai kuma na Turanci da ke shigowa ta labarai, wani lokaci da fassarar da ta karkace. Wannan maƙala ta tattaro muhimmai daga cikinsu, ta bayyana abin da kowace take nufi da kuma dalilin samuwarta.

Tsohuwar sana'a a ƙasar Yobe

A 1987 wani makiyayi Bafulatani da ke haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune, kusa da kogin Komadugu Gana, ya ci karo da wani dogon itace a zurfin kimanin mita 5. A 1994 masana kayan tarihi daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi, aka ga kwale-kwale ne mai tsawon mita 8.4, wanda aka sassaƙa daga itace guda na dangin maɗaci. Gwajin da aka yi wa itacen ya nuna shekarunsa sun kai kimanin 8,000, kuma shi ne jirgin ruwa mafi daɗewa da aka taɓa samu a Afirka. Yanzu yana ajiye a Damaturu. Siririn bakinsa da laushin sassaƙarsa sun nuna cewa waɗanda suka yi shi sun riga sun gwanance, wato sana'ar ta girme shi.

Hausa ma ta adana shaidar daɗewar hulɗa da ruwa. Kalmar jirgi da fari kwale-kwale take nufi. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kuma kai Nguru a wajen 1930, sai aka ce jirgin ƙasa. Da abin hawa mai tashi ya sauka Kano a 1925, aka ce jirgin sama. Daga nan ne ya zama dole a riƙa cewa jirgin ruwa domin a bambanta na asali. Haka tuƙi ya taso daga sarrafa kwale-kwale ya koma kan mota. Fito shi ne ƙetarar da mutane da kaya daga wannan gaɓa zuwa waccan, kuɗin fito kuwa ladan mai jirgi ne, amma yau kalmar ta zama sunan harajin da kwastan ke karɓa a kan kayan da aka shigo da su ƙasa.

Sauran kalmomin bakin kogi sun haɗa da kwata, wato wurin da jirage ke tsayawa a yi lodi a sauke, da mashigi, inda ake ƙetarawa, da gaɓa ko gaci, wato bakin ruwa. Filafili shi ne faffaɗan itacen tuƙi, gwangwala ko gora kuma doguwar sandar da ake tokara ƙasa da ita a ruwa marar zurfi. Kwarfa ita ce fitar da ruwan da ya shiga jirgi da ƙwarya ko kwano. Sarkin ruwa shi ne shugaban masu sana'ar ruwa, mai sasanta rigingimun kamun kifi da jagorantar neman wanda ya nutse. Akwai kuma babban goran da masunci ke kifa ciki a kansa ya yi iyo, yana zuba kifin da ya kama a ciki, kamar yadda ake gani a bikin kamun kifi na Bade a Gogaram da na Argungu. A Tafkin Chadi, Buduma sun shahara da jirgin da ake ɗaurewa da damman ciyawar ruwa, wanda suke kira kadei.

Sassan jirgi

Gangar jikin jirgi, wadda ke zama cikin ruwa ta ɗauki komai, ita ce Turawa ke kira hol. A ƙarƙashinta akwai doguwar ƙarfe ko katako da ya tashi daga gaba zuwa baya, ana ce masa kil, kuma ƙashin bayan jirgi shi ne fassararsa mafi dacewa, domin daga jikinsa haƙarƙarin jirgi ke tashi ta gefe biyu, a kan haƙarƙarin kuma ake shimfiɗa farantan ƙarfe ko falankai. Kwale-kwalen katako na fadamun Nguru shimfiɗaɗɗen gindi gare shi, saboda ya iya ratsa ruwa marar zurfi da ciyayi, shi ya sa bai jure igiyar ruwa kamar jirgin teku ba.

Gaban jirgi, wanda ke keta ruwa, shi ne goshi ko hanci, a Turance baw. Bayansa kuma ƙeya, a Turance sitan. Daɓen da ake tafiya a kai shi ne dek, kuma babban jirgi na da hawa-hawa na dek kamar gidan bene. Ɗakin da ke can sama, inda ake tuƙi da ba da umarni, sunansa birij. Kalmar a Turanci ɗaya take da ta gada, saboda haka fassarar da ta ce kyaftin yana kan gada kuskure ce, a ɗakin tuƙi yake. Farfela ce ke tura jirgi, faffaɗan ƙarfen da ke bayanta, wato rada, shi ke juya shi hagu ko dama. Anga ita ce ƙugiya mai nauyi da ake saki da sarƙa ta kama ƙasan ruwa jirgi ya tsaya. Ana raba cikin jirgi ɗaki-ɗaki da bangayen ƙarfe da ruwa ba ya ratsawa, domin in ɗaki ɗaya ya huje a rufe shi sauran su tsira.

Ma'aikatan jirgi ba sa cewa hagu da dama, saboda hagun wanda ya fuskanci gaba shi ne daman wanda ya fuskanci baya. Gefen hagu na jirgin kansa, in an fuskanci goshi, sunansa fot, gefen dama kuma sitabod. Da dare fot na ɗauke da jar fitila, sitabod koriya. Matuƙin da ya hango ja da kore a tare ya san jirgin na tahowa kansa kai tsaye. Dokokin hana karo a teku na 1972 sun ce in jirage biyu masu inji suka yi gaba-da-gaba, kowanne ya karkata zuwa sitabod ɗinsa.

Awo: mil, not da gaba

Mil na teku mita 1,852 ne, ya fi mil na tudu wanda yake mita 1,609. Not kuwa awon gudu ne, mil ɗaya na teku a cikin sa'a ɗaya. Jirgin da ke gudun not 20 yana cin kimanin kilomita 37 a sa'a. Sunan ya samo asali daga ƙulli: a da ana sakin igiya mai ƙulle-ƙulle a bayan jirgi, a ƙirga ƙullin da ya wuce cikin ƙayyadadden lokaci. Tazarar Gashuwa da Nguru a miƙe kimanin kilomita 64 ce, wato kusan mil 35 na teku.

Zurfin ruwa a da ana auna shi da fadom, ƙafa 6 ko mita 1.83. Hausa na da takwararta, wato gaba, tsawon hannuwa biyu a buɗe, wadda masu haƙar rijiya ke amfani da ita har yau. Asalin kalmar Turancin ma buɗaɗɗun hannuwa take nufi. A dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, ruwan da ke ƙarƙashin cikakken ikon ƙasa mil 12 ne daga gaɓa, yankin da take da haƙƙin kifi da mai da sauran albarkatu kuma ya kai mil 200. Gaɓar tekun Najeriya tana da tsawon kimanin kilomita 853.

Nauyi, lodi da nutsewa

Jirgi na yawo a kan ruwa ne saboda yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa. Shi ya sa ake auna jirgin yaƙi da nauyin ruwan da ya ture. Kalmomi biyu na da muhimmanci a nan. Ta farko diraf, wato zurfin da jirgi ya nutsa daga saman ruwa zuwa ƙashin bayansa. Ta biyu firibod, wato tazarar da ta rage daga saman ruwa zuwa leɓen jirgi. Duk buhun da aka ƙara yana ƙara diraf ya rage firibod, kuma firibod shi ne rarar da ke tsakanin fasinja da ruwa. In ya rage taƙi ɗaya, ƙaramar igiyar ruwa ko motsin mutum ɗaya ya isa ya sa ruwa ya kwararo ciki.

Saboda yawan nutsewar jiragen da aka cika wa kaya, wani ɗan majalisar dokokin Ingila mai suna Samuel Plimsoll ya yi fafutukar da ta haifar da dokar 1876, wadda ta wajabta zana layin iyakar lodi a jikin jirgi. Har yau ana kiransa layin Plimsoll, da'ira ce da layi ya ratsa, kuma yarjejeniyar duniya ta 1966 ta daidaita shi. Alamar na da matakai daban na ruwan gishiri da ruwan daɗi, domin kubik mita ɗaya na ruwan teku kilo 1,025 ne, na kogi kuwa kilo 1,000. Jirgi ɗaya da lodi ɗaya ya fi nutsawa a kogi fiye da a teku.

Akwai kuma batun daidaito. Nauyin da ke ƙasa yana zaunar da jirgi, shi ya sa manyan jirage ke ɗura ruwa a tankunan ƙasa, abin da ake kira balas. Nauyin da ke sama kuwa yana sa shi tangaɗi. Babura da aka tsayar a kan buhunan shinkafa, ko fasinjojin da suka miƙe tsaye lokaci ɗaya don tsoro, suna ɗaga cibiyar nauyin kwale-kwale har ya kife. Ruwan da aka bari a ciki ba a kwarfe ba yana ƙara haɗarin, domin yana gangarawa duk gefen da jirgin ya karkata ya ƙara masa nauyi.

Haɗurran 2021 a Warrah ta jihar Kebbi cikin watan Mayu, da Bagwai ta jihar Kano cikin Nuwamba, inda akasarin mamatan ɗaliban Islamiyya ne, an danganta su da cika lodi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ta wajabta sanya rigar kariya, ta hana wuce ƙa'idar lodi da tafiyar dare. A fadamun Nguru akwai ƙarin matsala, wato ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa bayan madatsun Tiga, na 1974, da Challawa, na 1992, sun sauya yadda ruwa ke tahowa yana janyewa. Ciyawar na ƙuntata hanya, tana kama farfelar inji, tana kuma wahalar da masu ceto.

Maƙera da wurin gyara

Turanci ya bambanta shifyad, inda ake ƙera sabon jirgi, da dokyad, inda aka fi yin gyara da kulawa, ko da yake a aikace wuri ɗaya kan yi duka biyun. Rundunar Sojin Ruwan Najeriya na da dokyad a Victoria Island ta Legas da shifyad a Fatakwal. A wajen soja akwai Nigerdock a tsibirin Snake Island na Legas, da aka kafa a 1986.

Busasshen dok wani babban kwarmi ne na kankare a bakin ruwa mai ƙofa. Ana cika shi da ruwa jirgi ya shiga, a rufe ƙofa, a zuƙe ruwan da famfo har jirgin ya zauna a kan tubalan da aka jera daidai da siffar gindinsa. A nan ake kankare tsatsa da ƙwarin ruwa da suka manne, a sauya farantan da suka ci, a duba farfela da rada, a shafa fentin da ke hana gansakuka kamawa. Dok mai yawo kuma akwati ne na ƙarfe da ake nutsarwa ya shiga ƙarƙashin jirgi, sannan a fitar da ruwan tankunansa ya taso da jirgin sama. Silifwe gangara ce mai dogo da ake jawo ƙananan jirage a kai. Mai kwale-kwalen da ya jawo jirginsa tudu da rani, ya kife shi, ya cusa auduga ko tsumma a tsakanin falankai ya shafe da kwalta, aikin dok yake yi a ƙaramin sikeli. Wannan toshewar ita ce Turawa ke kira kokin.

Ƙera jirgi na da matakai, kuma 'yan jarida kan rikita su. Na farko yankan ƙarfe. Na biyu aza ƙashin baya, wanda yake daidai da aza harsashin gini. Na uku saukarwa ruwa, lokacin da gangar jiki ta kammala amma saura kayan ciki. Na huɗu ƙawatawa, wato sanya injuna da wayoyi da makamai. Na biyar gwaji a teku. Na ƙarshe ƙaddamarwa, ranar da jirgi ya shiga aikin soja a hukumance, aka ɗaga masa tuta aka ba shi kwamanda. Jirgin da aka saukar ruwa bai fara aiki ba tukuna, wataƙila saura shekara ko fiye. In ya tsufa kuma sai a yi bikin sallamarsa daga aiki, a sauke tutar.

Dokyad na Legas ya ƙera jiragen tsaron gaɓa guda uku: NNS Andoni da aka ƙaddamar a 2012, NNS Karaduwa a 2016, da NNS Oji a Disambar 2021, kowanne ya fi na gabansa tsawo. A ranar ƙaddamar da Oji ne Shugaba Muhammadu Buhari ya aza ƙashin bayan na huɗu da na biyar. Masu aiki a irin wannan wuri sun haɗa da injiniyan zanen jirgi, da masu walda, da masu lanƙwasa faranti, da masu haɗa bututu, da masu lantarki, da kafintoci, da masu fenti, da masu nutso da ke duba gindin jirgi yana cikin ruwa.

Nau'o'in jirage da sunayensu

Haruffan NNS da ke gaban suna taƙaitawa ce ta Turanci mai ma'anar jirgin Rundunar Sojin Ruwan Najeriya. Jiragen kasuwanci kan ɗauki MV, in tankar mai ce kuma MT. Firigat babban jirgin yaƙi ne mai dogon zango, kamar NNS Aradu, mai tsawon kimanin mita 125, wanda aka ƙera a Hamburg ta Jamus ya shiga aiki a 1982. Kwabet ya fi shi ƙanƙanta. Akwai jirgin sintiri na nesa da gaɓa, da ƙaramin jirgin sintiri mai gudu, da jirgin sauke dakaru da motocin yaƙi a gaɓa, irin NNS Kada mai tsawon mita 100 da ya iso a 2022, da jirgin auna zurfin teku da zana taswira, irin NNS Lana, da jirgin ja mai tura manyan jirage cikin tasha. Najeriya ba ta da jirgin yaƙi na ƙarƙashin ruwa.

Rundunar na da al'adar ɗauko suna ɗaya a harsuna daban-daban. An yi kwabet huɗu masu sunan dorina: Dorina, Otobo, Erin'omi da Enyimiri. An yi Damisa tare da Ekpe da Agu, an kuma yi Kyanwa tare da Ologbo, Nwamba da Obula. Wasu kuma na ɗauke da sunayen koguna da garuruwan bakin ruwa, kamar Karaduwa, kogi a jihar Katsina, da Haɗeja da Gongola da Nguru.

NNS Nguru jirgin sintiri ne mai gudu, tsawonsa mita 35, kamfanin OCEA na Faransa ya ƙera shi, aka ƙaddamar da shi a 2018 tare da ɗan'uwansa NNS Ekulu. A watan Mayun 2020 shi ne ya tare jirgin kamun kifi na Sin mai suna Hai Lu Feng 11, wanda 'yan fashin teku suka ƙwace a ruwan Kodebuwa. An cim masa a kimanin mil 140 kudu da Legas, wato kilomita 259, kusan ninki huɗu na tazarar Gashuwa da Nguru. An ceto ma'aikata 18, aka kama mutum 10, waɗanda Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke wa ɗaurin shekara 12 a 2021, bisa dokar yaƙi da fashin teku ta 2019.

Ba duk mai NNS ne ke yawo a ruwa ba. Bisa al'adar da aka gada daga Ingila, ana raɗa wa barikokin tudu sunan jirgi. NNS Beecroft a Apapa, NNS Pathfinder a Fatakwal, NNS Victory a Kalaba da NNS Lugard a Lokoja duk sansanoni ne. Labarin da ya ce jirgin Beecroft ya tashi zuwa teku ya yi kuskure.

Rundunar da muƙamanta

An kafa rundunar ranar 1 ga Yunin 1956, daga ma'aikata da jiragen tsohon sashen kula da ruwa na zamanin mulkin mallaka. Ta karɓi sunanta na yanzu a 1963, kuma a 1964 Joseph Akinwale Wey ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta. Cikin 'yan Arewa da suka riƙe muƙamin Babban Hafsan Sojin Ruwa akwai Murtala Nyako na Adamawa, daga 1990 zuwa 1992, da Awwal Zubairu Gambo na Kano, daga 2021 zuwa 2023. Tana da shiyyoyin aiki uku: ta Yamma a Apapa, ta Gabas a Kalaba, ta Tsakiya a Yenagoa. A Arewa, ban da Lokoja, akwai sansanin Tafkin Chadi a Baga da aka fara a 2016 saboda yaƙi da Boko Haram a tsibiran tafkin, da kwalejin koyon samar da kayan aiki a Dawakin Tofa ta jihar Kano.

Muƙaman hafsoshi su ne inda fassara ta fi tuntuɓe, domin suna ɗaya na da daraja daban a ruwa da tudu. Laftanar na ruwa daidai yake da Kyaftin na sojan ƙasa. Laftanar Kwamanda daidai da Manjo, Kwamanda daidai da Laftanar Kanar, Kyaftin na ruwa kuma daidai da cikakken Kanar. Sama da shi akwai Kwamodo, takwaran Birgediya Janar, sai Riya Admiral, takwaran Manjo Janar, sai Bayis Admiral, takwaran Laftanar Janar, sai Admiral, takwaran Janar. Kwamodo da Kwamanda sun yi kama a kunne, amma akwai hawa biyu tsakaninsu. Haka nan duk wanda ke jagorantar jirgi ana kiransa kyaftin a cikin jirginsa, ko da muƙaminsa Laftanar ne.

Ƙananan sojoji ana kiransu retin. Suna farawa daga Odinari Siman, su bi ta Siman, Ebul Siman, Lidin Siman da Feti Ofisa, har zuwa matakan Warant Ofisa. Ana horar da su a makarantar horon farko da ke Onne a jihar Ribas, hafsoshi kuwa kan fito daga Kwalejin Horar da Hafsoshi ta NDA a Kaduna ko ta hanyar ɗaukar masu digiri kai tsaye. Ana cike neman shiga ta intanet, kuma rundunar ta sha nanata cewa kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi don samar da gurbi ɗan damfara ne.

Gadi da ayyukan yau da kullum

Jirgi a teku ba ya barci, saboda haka an raba yini zuwa zangon gadi, a Turance woc. A tsarin da aka gada daga Ingila, gadin farko daga ƙarfe 8 na dare ne zuwa 12, na tsakiya daga 12 zuwa 4 na asuba, na asuba daga 4 zuwa 8, na hantsi daga 8 zuwa 12 na rana, na azahar daga 12 zuwa 4. Daga 4 zuwa 8 na yamma an raba shi biyu, sa'a bibbiyu. Wannan rabawa ta sa zangon ya zama bakwai, don haka juyin ba ya faɗawa wuri ɗaya, kuma ba mutum ɗaya ne zai riƙa kwana a gadin tsakar dare kullum ba. A al'ada ana kaɗa ƙararrawa duk rabin sa'a, bugu ɗaya ana ƙarawa, bugu takwas ya nuna zango ya cika.

Hafsan gadi shi ke tsaye a ɗakin tuƙi a madadin kwamanda, alhakin hanya da lafiyar jirgi na wuyansa har ya miƙa wa na gaba. In jirgi na tasha, hafsan yini ne ke riƙe wannan nauyi. Mataimakin kwamanda ke kula da ɗa'a da tsarin aiki. Hafsan taswira ke fitar da hanya da kamfas da na'urar rada mai hango abin da ke nesa. Bosin shi ne babban mai kula da igiyoyi da anga da aikin dek, koksin kuma matuƙin ƙaramin jirgi. Akwai mai tsinkaye, wanda aikinsa kallon ruwa da sauraro kawai, akwai masu inji, da masu makami, da masu sadarwa, da masu jinya, da masu girki. Kowa, komai sana'arsa, yana da wurin da zai tsaya in an busa shirin yaƙi ko gobara, kuma kowa na koyon kashe wuta da toshe huji, domin a tsakiyar teku babu 'yan kwana-kwana da za a kira. Da ƙarfe 8 na safe ake ɗaga tuta a jirgin da ke tasha, a sauke ta da faɗuwar rana.

Kiran neman agaji na duniya ta rediyo shi ne mede, ana maimaita shi sau uku a tasha ta 16 ta rediyon jirage, kuma asalinsa Faransanci ne mai ma'anar a taimake ni. Ana amfani da shi ne kawai in rai ko jirgi na cikin halaka. In matsalar ta gaggawa ce amma ba ta kai haka ba, sai a ce fan-fan. Yarjejeniyar kare rayuka a teku, SOLAS, wadda aka fara tsarawa a 1914 bayan nutsewar Titanic a 1912, aka kuma sabunta a 1974, ta wajabta wa manyan jirage tanadin rigar kariya da gurbin jirgin ceto ga kowane mutum da ke ciki, tare da rubuta sunayen fasinjoji kafin tashi.

Kwale-kwalen da ke fito a Komadugu Yobe ko a tafkin Nguru ba ya ƙarƙashin SOLAS, amma abubuwa uku daga cikin waɗannan ƙa'idoji ba su buƙatar inji ko rediyo. Ana iya zana layin iyakar lodi da fenti a jikin jirgi, inda sarkin ruwa da kowane fasinja za su gani. Ana iya rubuta yawan waɗanda suka shiga kafin a bar kwata, domin in haɗari ya auku a san mutum nawa ake nema. Ana kuma iya ajiye mutum ɗaya a goshi yana duba kututture da kacala, musamman in magariba ta gabato.